Sharhi: Rikicin Tsaida Ranar Wasan Kurket Da Hajar Da Arewa Ba Ta Kai Kasuwa Ba

Duk wanda ya ratsa unguwar Bulumkutu da ke yammacin birnin Maiduguri da hantsin ranar Asabar, zai ga alluna jingine a ƙofar gidajen kallon ƙwallo, an rubuta musu da alli sunayen ƙungiyoyin da za su kara da kuma lokacin da za a take wasa. Ga mai wucewa, wannan allo sanarwa ce kawai. Ga mai gidan kallo kuwa, da mai shayin da ke gefensa, da mai tsire, da mai cajin waya, da direban Keke Napep ɗin da zai kwashi 'yan kallo bayan an tashi, allon nan shi ne kasafin kuɗin mako. Da shi ake sanin litar mai nawa za a saya wa janareta, burodi nawa za a saro, da kuma ko naman da aka tanada zai ƙare kafin dare ya raba. Idan aka ɗage wasa a Landan ko a Madrid, asarar takan iso Bulumkutu a ranar.

Ba a rubuta wasan kurket a waɗannan alluna. Akasarin matasan unguwar, in ma sun taɓa ganin wasan, to a fim ɗin Indiya ne, kamar Lagaan na 2001, wanda a cikinsa mutanen wani ƙauye da fari ya addaba suka kara da Turawan mulki bisa sharaɗin a yafe musu haraji idan suka yi nasara. Duk da haka, akwai dalilin da ya sa ya kamata 'yan kasuwa da hukumomin wasanni na jihohin Arewa su fara sa ido a kan wannan wasa, musamman a kan gardamar da ba ta ƙarewa a cikinsa, wato gardamar wace rana za a yi wasa, a ina, kuma wa ke da ikon faɗa.

A watannin Oktoba da Nuwamba na 2027 ne aka shirya gudanar da Gasar Kofin Duniya ta kurket a ƙasashen Afirka ta Kudu, Zimbabuwe da Namibiya, inda ƙasashe 14 za su buga wasanni 54. Rabon da a yi wannan gasa a nahiyar Afirka tun 2003, shekarar da Kenya ta ba duniya mamaki ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Bayan nan kuma, a watan Yulin 2028, kurket zai koma cikin wasannin Olamfik a birnin Los Angeles na Amurka, bayan shekara 128 da buga shi sau ɗaya tak a Faris a 1900. Masu sha'awar wasan a kudancin Afirka sun daɗe suna ɗokin zuwan baƙi, masu otal-otal da kamfanonin jiragen sama kuma suna lissafi. Sai dai tarihin 'yan shekarun nan ya koya musu cewa ɗoki daban, jadawali daban.

Dalilin da ya sa tsaida rana ya fi zafi a kurket fiye da sauran wasanni yana cikin tsarin wasan kansa. Wasan ƙwallon ƙafa minti 90 ne, ana kuma iya buga shi ko ana tsuga ruwa. Kurket iri uku ne a tsakanin ƙasashe: akwai na asali da ake kira Test, wanda kan kai kwana biyar, akwai na yini ɗaya, mai cin kusan awa takwas, sannan akwai gajeren wasa na T20, wanda ake gamawa cikin awa uku da 'yan kai. Dukkansu kuwa ruwan sama na tsayar da su, domin da zarar tsakiyar filin ta jiƙe ba a iya jefa ƙwallo yadda ya kamata. Saboda haka kowace ƙasa tana da 'yan watannin da za ta iya karɓar baƙi, kuma kowa yana son a zo masa a waɗannan watanni.

Bugu da ƙari, yawancin wasannin kurket na ƙasa da ƙasa ziyara ce ta makonni da wata ƙasa ke kai wa wata, mai masaukin baƙi kuma shi ke sayar da haƙƙin nuna wasannin a talabijin ya riƙe kuɗin. A watan Agustan 2022 Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta fitar da jadawalin waɗannan ziyarce-ziyarce na shekarun 2023 zuwa 2027, wanda ya ƙunshi wasanni 777 a tsakanin cikakkun mambobinta 12. Wannan takarda, in aka duba da kyau, rabon arziki ce. Ƙasar da Indiya za ta ziyarta ta san cewa shekararta ta yi kyau, domin kamfanonin talabijin na Indiya za su biya abin da ziyarar wata ƙasa ba za ta kawo ba. Ƙasar da aka tsallake kuwa sai ta fara tunanin yadda za ta biya albashin 'yan wasanta.

Alƙaluman sun isa shaida. A watan Yunin 2022 aka sayar da haƙƙin nuna gasar ƙungiyoyin Indiya, IPL, na shekara biyar a kan kuɗi sama da dalar Amurka biliyan shida. A taron da ICC ta yi a birnin Durban a watan Yulin 2023, an amince hukumar kurket ta Indiya ta riƙa karɓar kashi 38.5 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga 2024 zuwa 2027, wato kimanin dala miliyan 230 a shekara, yayin da ƙananan mambobi fiye da 90, ciki har da Nijeriya, za su raba kusan kashi 11 cikin ɗari a tsakaninsu. Ba abin mamaki ba ne da aka bar wa gasar IPL fiye da wata biyu a kowace shekara, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da manyan ƙasashe kan rage ziyarar juna domin fitattun 'yan wasansu suna Indiya suna neman na kansu. Mai kuɗi shi ke zaɓar rana, sauran su tsinci abin da ya rage.

Afirka ta Kudu, wadda ita ce babbar yaya a nahiyar, ta ɗanɗana wannan fiye da sau ɗaya. A ƙarshen 2013 an sanar da cewa Indiya za ta kai mata doguwar ziyara mai wasannin kwana biyar guda uku, na yini ɗaya guda bakwai da gajeru biyu. Saɓani ya shiga tsakanin hukumomin biyu, Indiya ta gayyaci 'yan wasan tsibiran Karibiyan gida domin ban-kwana da gwarzonta Sachin Tendulkar, sai ziyarar Afirka ta Kudu ta koma wasannin kwana biyar guda biyu da na yini ɗaya guda uku. Biranen da suka yi shirin baƙi suka wayi gari babu wasa. Bayan shekara goma kuma sai ita Afirka ta Kudun ta yi wa wasu makamancin haka. Domin kare sabuwar gasar ƙungiyoyinta ta SA20, wadda ake yi a watannin Janairu da Fabrairu kuma ita ce ke kawo mata kuɗi, ta haƙura da wasanni uku da ya kamata ta buga a Ostireliya a Janairun 2023. A Fabrairun 2024 kuma ta tura tawagar da rabinta sababbin shiga ne zuwa New Zealand, ƙarƙashin kyaftin ɗin da bai taɓa buga wa ƙasarsa irin wannan wasa ba, aka cinye ta a wasanni biyun duka. Masu kishin wasan sun yi ta Allah wadai, amma hukumar ta nuna cewa aljihu ne ya yanke hukunci.

Shi kuwa ɗan kallo, wanda da kuɗinsa ake wannan taƙama, shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi. Idan za a iya tunawa, sai da ya rage kwana 100 a fara Gasar Kofin Duniya ta 2023 a Indiya sannan aka fitar da jadawalinta. Jama'a suka yi rububin sayen tikitin jirgi da kama ɗakuna a birnin Ahmedabad, inda aka sa Indiya da Pakistan za su kara ran 15 ga Oktoba, har kuɗin otal ya ninka sau da yawa. A watan Agusta kuma sai aka sauya ranakun wasanni tara, aka dawo da wancan babban wasa ran 14 ga wata, saboda an lura cewa ranar farko ta zo daidai da soma bikin addinin Hindu na Navratri, kuma jami'an tsaro ba za su iya da taro biyu ba. Bikin nan yana cikin kalanda tun kafin a zauna tsara jadawalin. Duba shi ne ba a yi ba.

To ina Nijeriya a wannan rabo? Ba ta cikin ƙasashe 12 da ke zaune a kan tabarmar, don haka babu ranar da aka ware mata, babu kuma wanda aka wajabta wa ya ziyarce ta. Amma ba baƙuwa ba ce a wasan. Tun 1904 aka kara tsakanin Ikko da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kuma a 2002 ƙasar ta zama mamba mai cin gashin kanta a ICC. A 'yan shekarun nan ma ta nuna alamun farfaɗowa. Samarinta 'yan ƙasa da shekara 19 sun je Gasar Kofin Duniya a Afirka ta Kudu a 2020. Matanta sun ci lambar tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Akara a watan Maris na 2024. A Nuwamban 2024 mazanta sun karɓi baƙuncin wasannin share fage a gida, inda suka ci maki 271 suka kuma fitar da Kodibuwa da maki bakwai kacal, abin da ya shiga kundin tarihi. Ran 20 ga Janairun 2025 kuwa, 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da tazarar maki biyu a Malesiya.

Akwai abin lura a wannan tafiya ta Malesiya. Wasan farko da 'yan matan za su buga da Samowa, ruwan sama ne ya cinye shi ba tare da an jefa ƙwallo ko ɗaya ba, shi ma na New Zealand ɗin sai da aka rage tsawonsa saboda jiƙewar fili. Manyan ƙasashe ma ba su tsira ba. A Satumban 2023 aka kai gasar nahiyar Asiya ƙasar Siri Lanka ana tsakiyar ruwa, wasan farko na Indiya da Pakistan ya tashi babu sakamako, na biyun kuma sai da aka ware masa ƙarin rana shi kaɗai, sauran ƙasashe suna gunaguni. Kowane wasa da ruwa ya cinye, asara ce ga mai talla, ga mai talabijin, ga wanda ya sayi tikiti, da kuma mai sayar da abinci a bakin fili.

A nan ne Arewacin Nijeriya ke da hajar da bai taɓa kai wa kasuwa ba. Daga Nuwamba zuwa Maris, da wuya a ga ɗigon ruwa a Maiduguri, Kano, Katsina ko Sakkwato. Abin da manomi ke kira rani, yake zaman jiran wucewarsa, shi ne abin da mai shirya wasan kurket ke nema ido rufe: watanni biyar da za a iya tsaida rana tun shekara guda kafin nan, a kuma tabbata cewa hadari ba zai tashi ba. Amma har yanzu filayen da ake karɓar baƙi a kansu suna Ikko ne da Abuja da Benin, biyu daga cikinsu kuwa a yankin da damina ke cin fiye da rabin shekara. Babban filin Ikko yana dandalin da ke ɗauke da sunan Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma yankin da marigayin ya fito ba ya cikin lissafi.

Ba haka abin yake ba a da. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta koya wa ɗalibanta kurket da wasan ƙwallon bango na fayif tare da karatu. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya yi fice a waɗannan wasanni a can, kuma daga wannan makaranta ce Tafawa Ɓalewa da Shettima Kashim Ibrahim na Borno, gwamnan Jihar Arewa na farko ɗan ƙasa, suka fito. Da makarantar ta koma Kaduna, daga baya Zariya inda ta zama Kwalejin Barewa, ta tafi da al'adar. Malaman Indiya da na Pakistan da suka cika makarantun sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980 su ma 'yan gidan wasan ne. Abin da ya faru shi ne, kurket ya zauna a makarantun kwana na gwamnati, da waɗannan makarantu suka taɓarɓare kuma sai ya bi su. Fayif ya tsira a Katsina da wasu garuruwa saboda sarakuna da masu hali sun riƙe shi, suna kuma yi masa gasa. Kurket kuwa, in ban da Kaduna, bai sami mai riƙo ba.

Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan darajar tsayayyiyar rana. Babbar kasuwar jihar, Kasuwar Monday, sunan rana ta ci, ko da yake ta daɗe da zama mai ci kullum. Haka kasuwannin ƙauyuka suke a duk faɗin Arewa: fatake sun san ranar kowace, suna tsara tafiyarsu a kai, ba sai an aika musu ba. Kasuwar da ke sauya rana duk mako ba ta ci. Ruwanda, ƙasar da ba ta da wani tarihin kurket kafin shekarun 1990, wannan dabara ta bi. Tun 2014 ta fara gasar mata ta Kwibuka domin tunawa da waɗanda aka hallaka a kisan kiyashin 1994, ta tsaida ta a watan Yuni, farkon raninta. A 2017 ta buɗe filin Gahanga a wajen birnin Kigali. Sannu a hankali ƙasashe suka fara sa watan Yuni na Kigali cikin lissafinsu, har Nijeriya ta zama mai zuwa. Babu wanda ya ba Ruwanda gurbi a jadawalin manya. Ita ta tsaida ranarta ta kuma riƙe ta.

Tilas ne kuma a faɗi matsalolin, domin suna da yawa, wasu ma masu nauyi ne. Ba duk ranin ne ke sayuwa ba. Daga tsakiyar Maris zafi ke kankama, a watannin Afrilu da Mayu kuwa ma'aunin zafi a Maiduguri kan haura digiri 40, kuma babu mai hankalin da zai tsayar da yara a fili na awa uku a wannan yanayi. A tsakiyar hunturu kuma, daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan yi kauri har ya hana jirage sauka, abin da mazauna Bulumkutu, maƙwabtan filin jirgin sama, suka fi kowa sani, domin sukan ji shiru a ranakun da suka saba jin ƙara. Ƙwallon kurket ƙarami ne mai tauri, yana kuma zuwa da gudu, don haka wanda ba ya gani sosai yana cikin haɗari. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba: ruwa ya ɗauke, hazo bai yi ƙarfi ba, kaka ta sa kuɗi a hannun jama'a, makarantu kuma ba su tafi hutu ba.

Sai kuma azumi, wanda masu tsara wasanni a Nijeriya suka saba mantawa da shi kamar yadda na Indiya suka manta da Navratri. Watan Ramadan na matsowa da kusan kwana 11 a kowace shekara. Bisa lissafin masana, zai kama a farkon Fabrairu a 2027, a ƙarshen Janairu a 2028, a 2030 kuma zai zo sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ke nan duk wanda ya tsaida gasarsa a Janairu zai yi karo da azumi nan da 'yan shekaru, yayin da watan Nuwamba zai kasance a sake har zuwa wajen 2033. Ko a lokacin ma ba ƙarshen magana ba ne. A birnin Karachi na Pakistan, watan azumi shi ne kakar kurket ta unguwanni, inda matasa ke naɗe ƙwallon tanis da salatif su yi ta gasa a ƙarƙashin fitilu daga bayan tarawihi har zuwa sahur. Sai dai wannan yana bukatar wuta, ita kuwa wuta labarinta a Maiduguri sananne ne. Tun da aka rusa turakun layin Damaturu a Janairun 2021 birnin ya shafe lokaci mai tsawo a duhu, kafin a buɗe tashar iskar gas mai ƙarfin megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina a watan Maris na 2023.

Matsalar da ta fi kowace girma ita ce ta tsaro, kuma babu amfanin kewaye-kewaye a kanta. Babu wata hukumar wasanni ta waje da za ta turo 'yan wasanta Borno don kawai an ce mata babu ruwan sama. Amma a nan ma akwai abin koyi daga Pakistan. Ran 3 ga Maris 2009 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan Siri Lanka wuta a birnin Lahore. Daga ranar baƙi suka ƙaurace, Pakistan ta koma karɓar baƙinta a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tana biyan hayar fili da otal a ƙasar wasu, 'yan kallonta kuma suna gani a talabijin. Sai a Mayun 2015 aka sami wata daga cikin cikakkun mambobin ICC da ta yarda ta zo, kuma ba wata babbar ƙasa ba ce, Zimbabuwe ce. A 2017 aka dawo da wasan ƙarshe na gasar cikin gida Lahore, a Disamban 2019 Siri Lanka ta dawo domin wasan kwana biyar, sannan Ostireliya ta zo a 2022, karo na farko tun 1998. Ko a tsakiyar wannan hanya an yi tuntuɓe, domin a Satumban 2021 New Zealand ta tattara kayanta ta fice ana saura kaɗan a fara wasan farko a Rawalpindi. Shekara 16 aka ɗauka kafin ƙasar ta karɓi baƙuncin wata babbar gasar ICC a 2025, ita ma ɗin Indiya ta ƙi zuwa, ta buga nata wasannin a Dubai.

Magoya bayan ƙungiyar El-Kanemi Warriors sun san wannan labari ba tare da an fassara musu ba. A 2014 ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a Kano, daga bisani a Katsina, kafin a ba ta izinin dawowa Maiduguri. A tsawon wannan lokaci mai sayar da ruwa da rake a ƙofar filin wasa, da masu masaukin baƙi, da masu abin hawa, duk sun rasa ranar cinikinsu, kuɗin kuma ya tafi wasu garuruwa. Da ƙungiyar ta dawo, cikar filin ta zama shaida ga sauran ƙasa cewa birnin yana numfashi, shaidar da ta fi sanarwar kowane jami'i ƙarfi. A Yunin 2024 kuma ta ci Kofin Tarayya, karo na uku bayan na 1991 da 1992. Abin nufi shi ne, baƙo na bin sawun ɗan gida ne. Sai 'yan gida sun yi ta wasa a rana sananniya, shekara bayan shekara, lafiya lau, sannan maƙwabci zai gwada, na nesa kuma ya biyo baya.

Wasu za su ce jihar da ambaliyar madatsar Alau ta shafe wani babban ɓangare na babban birninta ran 10 ga Satumban 2024, wadda kuma gobara ta cinye babbar kasuwarta a Fabrairun 2023, tana da abin yi da kuɗinta da ya fi wasan Turawa. Gaskiya ne, kuma da a ce ana maganar gina katafaren fili ne da sai a ba su gaskiya dukkanta. Amma kurket na makaranta ba ya cin wani abin kirki. Ɗan daɓen siminti mai tsawon kusan mita 20 a tsakiyar filin ƙwallon da ake da shi, da tabarmar da ake shimfiɗa masa, da sandunan bugu da ƙwallaye, sun isa a fara. Abin da ya fi tsada shi ne mai koyarwa, shi ma Hukumar Kurket ta Nijeriya tana samun tallafin ICC ne bisa la'akari da yawan masu buga wasan da gasannin da ake yi, don haka yaɗa shi zuwa jihohi masu yawan matasa amfaninta ne kafin na kowa.

Ga mai gidan kallo a Bulumkutu kuwa, lissafin Gasar 2027 a fili yake, kuma ba lallai ne ya yi masa daɗi ba. Afirka ta Kudu tana gaban Nijeriya da awa ɗaya kacal, saboda haka wasannin za su faɗo ne daga safiya ko azahar, lokacin da bencinansa ke zaune babu kowa a ranakun aiki. Amma wasan yini ɗaya yana cin man da zai isa wasannin ƙwallon ƙafa huɗu, a ƙasar da litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 kafin cire tallafi ran 29 ga Mayun 2023 zuwa sama da Naira 1,000 a ƙarshen 2024, ga kuma kuɗin DStv da aka ƙara sau da dama a tsakanin 2023 da 2025. Wanda ya kafa faifan sola ne kaɗai zai iya kunna talabijin da rana ba tare da fargaba ba. Ko shi ma ba zai sami 'yan kallo ba matuƙar babu yaron unguwa ko ɗaya da ya san dokokin wasan, domin mutum ba ya biyan kuɗi ya kalli abin da bai gane ba.

Abin da ya dace, saboda haka, shi ne Hukumar Kurket ta Nijeriya da hukumomin wasanni na jihohin Arewa su daina jiran ranar da wata babbar ƙasa za ta yi musu alfarmar ziyara, su zauna su tsaida mako guda a ƙarshen Nuwamba, su sanar da shi na shekara biyar a jere, su kuma yi alkawarin ba za su taɓa shi ba ko da gwamna zai yi tafiya. A fara da Kaduna, inda wasan bai mutu ba, a gayyaci maƙwabta irin su Ghana, Saliyo da Kamaru waɗanda su ma ba su da gurbi a jadawalin manya, a kuma haɗa da gasar makarantun sakandare wadda Borno da Yobe za su turo wakilai bayan sun yi tasu a gida. Ƙarshen Nuwamban 2027 ya fi dacewa da farawa, domin zai zo ne daidai lokacin da Gasar Kofin Duniya ta kammala, idon kamfanonin talla kuma bai gama barin Afirka ba. Su kuwa kamfanonin sadarwa da bankuna da masu lemon kwalba, kasafin tallansu na shekara sukan rufe shi tun kafin shekarar ta kama, ma'aikatun ilmi na jihohi kuma sukan fitar da kalandar zangon karatu kafin a koma makaranta a watan Satumba. Takardar da ba ta isa teburinsu kafin waɗannan lokuta ba, sai dai ta jira 2028.